Lifidin Gobir da bargon ƙyallaye



Kaka ta kawo jiki, hatsi ya fara shiga rumbu a wurin waɗanda Allah ya ba, kuma duk wanda ya san ƙasar Dakwaro ya san abin da ke biye da kaka. Daga watan Disamba har zuwa Fabrairu iskar hunturu takan sauko daga arewa, ta ratso kwarin Tarka, ta iske mutane cikin ɗakunan kara da na laka, sanyi ya riƙa shiga ƙashi tun tsakar dare har hantsi. A lokacin nan ne gidajen likita ke cika da yara masu mura da tari da ciwon haƙarƙari, a lokacin nan ne kuma ake yawan jin labarin gobara, domin wanda ba shi da abin rufa da kaskon wuta yake shiga ɗaki. Saboda haka a wannan mako za mu yi magana a kan wani abin rufa wanda jarinsa bai wuce allura da zare da haƙuri ba, wato bargon da ake haɗawa da ƙyallayen tela.

Ku tsaya a bakin shagon kowane tela, a Birnin Lalle ko cikin kasuwar Dakwaro, kwana biyu bayan salla, ku dubi abin da yaron shago yake sharewa. Guntayen atamfa ne da shadda da yadi, wani kamar tafin hannu, wani ya kai kamu guda, a tara su bayan shago a cinna musu wuta, ko iska ta kwashe su ta rataya bisa ƙaya. Alhali kuwa babu guntu guda a cikinsu da ya zo kyauta. Ko dai ya fito Kantin Kwari na Kano ya biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, ko kuma ya ƙetaro teku daga Sin ko Holan, an biya masa kuɗin mota, an biya duwan, sannan ya yi tafiyar kilometir wajen 120 daga Maraɗi zuwa nan. Dattawan ƴan kasuwa ba su manta da ranar 12 ga Janairu 1994 ba, ranar da aka karya darajar sefa, tamman Faransa guda ya tashi daga 50 ya koma 100, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Na baya kuma sun ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 har Disamban 2020, sun ga takunkumin CEDEAO na 2023. Duk sa'ad da irin wannan ta faru, sutura na cikin abin da ke fara gagarar talaka. Ƙasar da ke sayo mafi yawan tufafinta daga waje ba ta da hujjar ƙona ko da tsinin ƙyalle.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce

Wani zai ce ai wannan aikin matan Turawa ne, a cikin litattafansu muke ganinsa. To, mutumin Birnin Lalle shi ne na ƙarshe da ya kamata ya faɗi haka. Garin nan tsohuwar hedkwatar Gobirawa ce bayan sun baro Azbin, tun kafin sarauta ta gangara kudu ta kai Alƙalawa, daga baya ta zauna Tsibiri. Gobir kuwa da yaƙi aka san ta, ƙarfin mayaƙanta kuma yana ga dawakin lifidi. Mene ne lifidi in ba abin da muke magana a kai ba? Ƙyalle ne a sama, ƙyalle a ƙasa, a cusa abduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da allura a kame su layi-layi don kada cikon ya zame ya taru wuri guda, har ya yi kaurin da kibiya ba ta iya huda shi ta kai ga doki ko mahayinsa. Tarihin sarakunan Kano ya ce sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunarsa. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta fito da dawakin lifidi. A 1826 kuma Baturen Ingila Kilafatan ya ga ƴan lifidin Sarkin Musulmi Bello da idonsa lokacin da suka kai wa Gobirawa hari a Konya, ya rubuta labarinsu. Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Damagaram ko Katsina, ko dawakin Zarmakwai na Dosso, ya ga yadda ake yi wa lifidin ado da ƙyallaye ja da ɗorawa da baƙi, masu kusurwa uku da masu kusurwa huɗu, an jera su tsaf. Hannun da ya iya yi wa doki rigar tare kibiya ba zai kasa yi wa jariri abin tare sanyi ba.

Abin da ya raba mu da wannan aiki, a ganina, kunya ce. Mun ɗauka cewa duk abin da aka haɗa da guntaye alamar tsiya ce, har mutum ya gwammace ɗansa ya kwana cikin sanyi da a ce an ga maho a ɗakinsa. Amma malamai sun ruwaito cewa Sayyidina Umar yana halifa ana ganin maho a rigarsa, bai rage masa kwarjini ba. A Sudan, cikin shekarun 1880, mabiya Mahadi sun mayar da jibba mai maho tufafin girma. A Senegal almajiran Shehu Ibra Fal, wanda ya rasu a 1930, da rigunan haɗe-haɗe ake gane su, suna kuma alfahari da su. A Amurka, a wani ƙauye na jihar Alabama da ake kira Gee's Bend, matan baƙar fata jikokin bayi sun yi shekara da shekaru suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aikin gona domin ƴaƴansu su sami abin rufa. A 2002 aka baje bargunan nan a manyan gidajen nune-nune na Hustan da Niyok, a 2006 kuma gidan wayar Amurka ya buga hotonsu a kan tambur. Bahaushe dai ya riga ya yanke hukunci tun da daɗewa, da ya ce da tsirara gara baƙin bante.

Kayan aiki da shiri

Mai koyo ba ya bukatar keken ɗinki, in akwai dai ya rage wahala. Abin da ake nema shi ne almakashi mai kaifi, da allura, da zare mai ƙwari, da alli ko guntun sabulu na yin zane, da santimetir ɗin tela, da dutsen guga, sai kwali mai kauri. Daga kwalin nan za a yanke ma'auni mai kusurwa huɗu, santimetir 12 kowane gefe. Shi ne uban aikin duka. Kowane ƙyalle a kansa za a yanka shi, a bar santimetir 1 kowane gefe domin ɗinki, abin da zai fito a fuskar bargo ya zama 10. Wannan ƙaramin yanki mu kira shi gida, kamar yadda ake cewa gidan dara. In an haɗa gidaje suka ba da babban yanki mai santimetir 30 kowane gefe, shi kuma mu kira shi allo.

Kafin a sa almakashi, a wanke ƙyallayen duka, masu duhu dabam masu haske dabam, domin wata atamfa tana zuba, wata tana tsukewa in ta sha ruwa, gara ta yi halinta tun ba a ɗinka ta ba. In sun bushe a goge su. A ware masu kauri ɗaya wuri guda, kada a haɗa yadin wando da ƙyallen gyale, mai nauyin zai yaga marar nauyi. Leshi da duk yadin da ke miƙewa kamar roba a ajiye su gefe. Wajen yanka kuma a bi tsayin zaren saƙa, in aka yanka a karkace gidan zai riƙa miƙewa a hannu, kusurwoyi su ƙi haɗuwa. Daga nan a kasa ƙyallayen kashi biyu kawai, masu duhu da masu haske. Kyan bargon ƙyallaye yana ga wannan rabo, ko da furannin atamfar ba su yi kama da juna ba.

Alluna huɗu na mai koyo

Na farko shi ne gida tara. A jera gidaje uku-uku sahu uku, kamar hatimin da malamai ke zanawa, mai duhu na bin mai haske. A kifa gida bisa gida fuska da fuska, a ɗinka gefe guda, a ƙara na uku, sahu ya cika. In sahu uku sun samu sai a haɗa su. A kwantar da bakin ɗinkin sahun farko zuwa dama da dutsen guga, na biyu zuwa hagu, na uku zuwa dama, ta haka mahaɗar za ta kwanta ba tare da ƙulli ba. Allo guda yakan ɗauki masu duhu 5 da masu haske 4, maƙwabcinsa kuma masu duhu 4 da masu haske 5, in an jera su sai bargon ya fito gidan dara sak.

Na biyu shi ne saƙar tabarma, wanda ya dace da dogayen guntaye irin waɗanda ke saura in an yanke bakin zane. A yanka tsiri 5, faɗin kowanne santimetir 8, tsawonsa 32, a ɗinka su gefe da gefe tun daga mai duhu har zuwa mai haske, kamar yadda ake haɗa ƙwaryar saƙi a yi gwado ko luru. Wajen jeri, allo guda a tsaye, na kusa da shi a kwance. Babu allon da ya kai wannan sauri, kuma shi ya fi yafe wa mai koyo kuskure, tunda ba shi da kusurwoyi masu yawa da za a ce sai sun haɗu.

Na uku shi ne mai kusurwa uku, irin adon lifidi da na jakunkunan dukawa. A nan za a yanka gida biyu masu santimetir 14, mai duhu da mai haske, a kifa su fuska da fuska, a ja layi da alli daga kusurwa zuwa kusurwa, a yi ɗinki biyu, santimetir 1 daga layin ta kowane ɓangare, sannan a tsaga bisa layin. In an buɗe za a sami gida biyu, kowanne rabinsa duhu rabinsa haske, sai a ɗora ma'aunin kwali a rage su su dawo 12. Dubarar yin ɗinki kafin tsagawa ita ce ke hana karkataccen gefen miƙewa. Da waɗannan gidaje ana fitar da haƙorin zarto, ko tauraro, ko zigizaga, gwargwadon yadda aka juya su.

Na huɗu Amurkawa na kiransa ɗakin katako, mu kuwa muna iya ce masa zagayen murhu, domin bisa al'ada jan ƙyalle ake sawa a tsakiya a matsayin wuta. A yanka na tsakiyar santimetir 8, a yanka tsirara masu faɗin 6, a riƙa ɗinka su ana kewaya shi ɗaya bayan ɗaya, ɓangare biyu masu haske, ɓangare biyu masu duhu, har zagaye uku, wato tsiri 12. Allon zai fito 30 daidai da sauran. Shi ne ke cinye ƙananan guntayen da suka kasa cika gida guda.

Daga matashin kai zuwa bargo

Kada mai koyo ya fara da babban bargo, zai gaji ya yar. Ya soma da rigar matashin kai, gida 16, huɗu-huɗu, wanda zai ba da santimetir 40, aikin yamma biyu ne. In hannu ya faɗa sai ya yi shimfiɗar jariri, allo 9, wato gida 81, santimetir 90 kowane gefe, wadda za a iya kai wa mai jego ranar suna. Daga nan sai bargon babba, allo 5 a faɗi, 7 a tsawo, allo 35 ke nan, gida 315, faɗinsa metir 1 da rabi, tsawonsa metir 2 da santimetir 10. Ga lissafin da ya kamata ɗan kasuwa ya duba: zane guda na atamfa mai yadi 2 yana ba da gida wajen 135, ke nan fuskar bargon nan tana cin zane biyu da sulusi, kusan turmi guda, kuma dukansa daga abin da ake sharewa ya fito.

In fuska ta kammala, saura shafi da ciko. A haɗa tsofaffin zannuwa biyu ta dogon gefensu su zama shafi, a shimfiɗa shi bisa tabarma fuskarsa na kallon ƙasa. A ɗora ciko a kai: tsohon gwado, ko bargon gwanjo da ya sha jiki, ko tsofaffin zannuwa ninki biyu, ko abdugar da aka gurje aka shiɓe. Audugar rimi a bar wa matashin kai, domin tana da santsi, tana gudu cikin ɗinki, kuma tana saurin kama wuta. Sannan a ɗora fuskar, a miƙe ta da tafin hannu, a kame ukun da ɗinkin wucin gadi mai manyan taku. Ɗinkin gaske kuwa daga tsakiya ake fara shi a nufi baki, don duk wata tattara ta gudu waje. A bi layin gidajen da ƙananan taku, allura na ratsa hawa ukun, kada tazarar layi da layi ta wuce santimetir 10. Wadda ba ta da lokacin wannan tana iya soka zare mai kauri a kowace mahaɗar gidaje ta ƙulla shi sau biyu, shi ma yana riƙewa. A ƙarshe a rage shafin ya saura santimetir 4 kowane gefe, a naɗo shi bisa fuska a kalmashe, a zare ɗinkin wucin gadi. Bargo ya samu.

Inda ƴan kasuwa da ma'aikata suka shigo

Mace guda, in tana yin allo ɗaya kowace rana bayan ta gama aikin gida, cikin kwana 35 ta haɗa fuskar bargo. Mata 7 kuwa, kowace allo 5, cikin mako guda sun gama, muddin da ma'auni guda suka yi yanka. Ba mu rasa inda za a sami matan nan ba. A nan jihar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, mata na haɗuwa mako-mako suna zuba kuɗi cikin asusu suna ranta wa juna, tsarin da daga baya ƙasashe da dama na Afirka da wajenta suka ara. Inda mata suka saba zama tare da riƙon amana, ƙara musu tabarma guda da buhun ƙyallaye ba zai zama nauyi ba, kuma bashin da za su ɗauka domin zare da allura bai kai na sayen tunkiya ba.

Abin da ya rage shi ne hanyar da ƙyalle zai bi daga shagon tela ya kai gare su, da hanyar da bargo zai bi ya kai kasuwa. Telolin Maraɗi sun fi na karkara yawan yanka nesa ba kusa ba, motocin da ke kawo kaya Dakwaro kuma ba za su ji nauyin buhu biyu na guntaye ba. Alhajin da ke sayar da atamfa shi ya san telolin, shi ya san direbobin, kuma shi ne mai rumfar da za a rataya bargon mutane su gani. Tela ma in ya san ana sayen guntayensa, ko da kuɗi kaɗan ne, zai daina zubarwa, zai ma riƙa ware su. Masu sayen suna nan: makiyayan da ke saukowa daga Bermo da Gadabeji, waɗanda ke kwana a fili cikin ɗari, da iyayen amare masu neman abin jere, da matafiya.

Ma'aikaci kuwa abu biyu ke hannunsa. Na farko, malamin lekol da mai koyar da ɗinki a cibiyar koyon sana'a suna iya sa wannan cikin darasi, domin yaron da ya yanka gida 9 ya haɗa allo ya koyi awo da lissafi da hannunsa. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, mutanen ƙauye suna kallon abin da ɗan bariki ya shimfiɗa a ɗakinsa. Ranar da aka ga bargon ƙyallaye bisa gadon darektan lekol ko a falon magajin gari, ranar ce kunyar maho za ta fara gushewa. Mai niyyar sadaka kuma ya tuna da almajiran da ke kwana cikin zaure da soro, riga guda a jikinsu. In ya sayi bargon nan ya ba su, ya rufe yaro, ya kuma sa kuɗi a hannun wadda ta ɗinka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sai hazo ya rufe gari sannan ya nemi almakashi, sanyin bana zai wuce bai gama ba. A yanke ma'aunin kwali tun yau, a aika yaro shagon tela da buhu, a fara da gida tara. Duk wanda ya gwada, ko wata ƙungiyar mata da ta riga mu farawa, muna jiran wasiƙarku domin sauran masu karatu su amfana.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu mako mai zuwa.